Rabin Kilo a Rigar Auta

Aikina a filin sukuwa shi ne taɓawa. Duk mahayin da zai fita tsere, kafin ya hau sikeli sai ya biyo ta teburina ya ajiye hular kwanonsa da rigar kariyarsa. In juya hular in duba ko ta tsage, in ja igiyar haɓa, sannan in bi rigar gida-gida ina dannawa da babban yatsa. In ta yi, in buga masa hatimi a takarda ya wuce. In ba ta yi ba, ko wa ya ɗaure masa gindi ba zai hau doki ba ranar. Shi ya sa suke ce mini Yatsa. A gabana Malam Yatsa ne, in na ba da baya kuwa Allah kaɗai ya san abin da suke ƙarawa.

Ita rigar ba wata aba ba ce a ido. Ba ta da hannu, an jera mata soso mai tauri a ƙirji da haƙarƙari da gadon baya. Amma ranar da doki ya watsar da kai, na baya suka bi ta kanka, ita kaɗai ce tsakaninka da kofato. Laifinta ɗaya ne, nauyi, don da ita ake auna mutum, haɗe da sirdinsa da takalminsa. Mahayi kuwa ya gwammace ka zage shi da ka ƙara masa rabin kilo.

Ranar Asabar ɗin nan, tun da na buɗe ɗakin awo na kasa zama. Na gyara tebur, na sake gyarawa, na leƙa waje, na dawo, na zuba wa hatimi tawada alhali bai bushe ba. Mai sikeli, wani tsoho da bakinsa ba ya shiru, ya bi ni da kallo ta saman tabarau.

"Malam Yatsa, kuɗin cizo ne a kujerar?"

"Auta ne zai hau Akawal a tsere na huɗu."

"To kai za ka yi masa gudun? Zauna don Allah, kana sa ni jiri."

Auta ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na fara ɗora shi a kan doki. Har yau Auta muke ce masa, alhali shekararsa talatin da tara, da 'ya'ya uku. A sana'ar nan talatin da tara tsufa ne. Hannu na nan, ido na nan, amma jiki ya daina jin magana, ko ruwa ka sha sai ya zauna maka. Barga biyu suka sallame shi bara saboda nauyi. Saura ta mai Akawal, shi ma a kunnena ya faɗa masa watan jiya:

"Kilo hamsin da huɗu aka yanka wa dokina ya ɗauka a babban tsere. Ka ɗora masa giram ɗaya a kai, ka nemi wani ubangidan."

Doka ta yarda mahayi ya ɗan haura in mai doki ya amince. Wannan mutumin kuwa ba ya amincewa da komai sai abin da ya fito daga bakinsa. Don haka kowa a filin ya sani, in Auta bai hau Akawal yau ba, ya gama hawa ke nan.

Tsere na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku na kama wani da ya ɗaure igiyar hularsa da waya, wai maɓallin ne ya karye jiya. Na ce masa ya je ya ɗaure kan ubangidansa da ita, na ba shi hular aro. Ya tafi yana ƙunƙuni, ni kuma ko daɗin faɗan ban ji ba, idona na kan ƙofa.

Sai ga Auta. Kai! Na ga rama a ɗakin nan iri-iri, amma ban taɓa ganin irin ta ranar ba. Leɓensa ya tsattsage, idanu sun faɗa, wuyansa kamar na kazar da aka fige. Ya ce "Yaya, ina wuni," ba tare da ya kalle ni ba. Ya ajiye hula, ya ajiye riga a ninke, bayanta na kallon tebur.

Hula lafiya lau. Na ɗauki riga. Ƙirji ya yi, haƙarƙarin dama ya yi, na hagu ya yi. Na juya ta na danna gadon baya, sai yatsana ya nutse.

Soson gaske ba ya nutsewa, turo ka yake yi. Na matsa gida na gaba na danna, ya lotsa. Na gaba ma haka. Gida shida, tun daga wuya har ƙugu, an zare na gasken an cusa soson katifa. A ido ba ka cewa komai, ta cika fam kamar sabuwa.

Mahaya biyar ne a layi bayansa. Na ce, "Biyo ni, akwai takardar da ba ka sa wa hannu ba." Na ja shi ɗakin ajiya inda muke tara hulunan da suka fashe, na tura ƙofa da ƙafa.

"Mene ne wannan?"

"Riga ce."

"Ni za ka raina wa hankali? Ni?"

Na ɗaga ta wajen taga don in ga inda aka farke, sai na ga ɗinkin. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ɗinkin Innarmu ne. Ita kaɗai na sani tana komawa baya sau biyu a kowane saran allura, tun muna yara wandon da ta ɗinke sai dai yadin ya mutu ya bar zaren. Tsohuwar da sai an zura mata zare a allura yanzu.

"Inna ka kai wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban gaya mata ko na mene ne ba. Ce mata na yi ta yage."

"Ka sa uwarka ta ɗinke maka abin da zai karya ka da hannunta, har tana sa maka albarka, ko? Kai wane irin mutum ne?"

"Irinka ne, Yaya." Muryarsa a dishe, miyau ma babu. "A wajen wa na gani?"

Gaskiya ya faɗa. Ni na fara wannan dabara a filin nan, lokacin ba mai dubawa. Yana zaune a gefena ina farke tawa da reza ina dariya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wata godiya ta yi tuntuɓe da ni a kwana ta ƙarshe, dawaki uku suka bi ta bayana. Wata bakwai ina kwance ana juya ni. Yau a karkace nake tafiya, in zan ɗaura takalmi sai na nemi abin dafawa. Da hukuma ta kafa dokar duba kaya, ni suka kira, wai ɓarawo ya fi sanin ta inda ake haurowa.

"Shi ya sa," na ce. "Shi ya sa ba za ka fita da ita ba. Ga ta aro can, saka."

"Za ta kai ni hamsin da huɗu da rabi."

"Saka mu gani."

Muka fito. Na sallami mutum biyar ɗin nan a gurguje, sannan Auta ya rungumi sirdinsa ya hau sikeli da rigar aro. Sikelin namu na lantarki ne, abin da ya nuna a nan shi yake fitowa a allon ɗakin alƙalan tsere, ba mai iya yi masa kwana. Hamsin da huɗu da giram ɗari biyar. Mai sikeli ya cire tabarau ya goge ya mayar, lambar tana nan.

Saura minti ashirin da biyar a buga ƙararrawa.

Abin da muka yi a mintocin nan, in na tuna har kunya nake ji. Na ce ya cire safa, ya cire. Singileti, ya cire. Na zare shimfiɗar ƙarƙashin sirdi na sa mafi sirantar da doka ta yarda da ita. Na ruga da ƙafata mai ja har barga ta uku na aro likkafa marar nauyi wajen wani tsohon abokina, na dawo ina haki. Mai sikeli da kansa ya miƙo almakashi, wai a rage sumar, ko giram goma ne ai riba ce. Aka hau. Hamsin da huɗu da ɗari uku.

"Leda," in ji Auta.

Ya zura rigar ruwa ta leda ya fita bayan barga yana gudu a cikin rana, daga famfo zuwa katanga, daga katanga zuwa famfo, yana ƙoƙarin tofar da miyau. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, in kalli agogo in kalle shi. Da ya dawo na taɓa goshinsa, a bushe ƙamas, zafi kamar murfin tukunya. Babu gumin da zai fito, ya riga ya matse shi tun kwana uku. Ya hau sikeli. Hamsin da huɗu da ɗari biyu.

Giram ɗari biyu! Ko rabin kofin shayi bai fi haka ba.

Ya sauko ya kama gefen teburina da hannu biyu. Rigarsa ta soson katifa tana nan a ƙarƙashin takarduna inda na tura ta.

"Yaya." Ya yi ƙasa da murya. "Minti biyu ne tseren. Minti biyu. Akawal bai taɓa tuntuɓe ba, ka san shi, kai ma ka ce ba ka ga doki mai tsabtar ƙafa irinsa ba. In na ci yau, mutumin nan zai riƙe ni shekara biyu. Daga yau ka ƙone ta, na rantse ba zan ƙara ba."

"Ni ma godiyar da ta kayar da ni ba ta taɓa tuntuɓe ba."

"Don Allah. Don darajar Inna. Me zan koma in yi? Me na iya? Tun ina shekara sha biyar ka ɗora ni, ko keke ban iya gyarawa ba."

Mai sikeli ya juya mana baya yana ta goge allon sikeli da bai yi datti ba. Can ya ce, kamar da bango yake magana, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni dai ban ga komai ba, lamba kawai nake karantawa."

Haka ne. Sikeli ba ya ƙarya, alƙalai ba sa taɓa riga. A duk filin nan abu ɗaya ne zai iya yin ƙarya a wuce lafiya, shi ne yatsana. Na so in yi, ba zan ɓoye ba. Har na ɗauki hatimi na riƙe, ina jin tawadar na jiƙa mini tafi.

Sai ƙofa ta buɗe, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Mai Akawal ne, da mai horar masa da dawaki a bayansa. An riga an kai masa labari daga allon alƙalai.

"Me nake ji? Ɗari biyu?"

"Yallaɓai," na ce, "giram ɗari biyu ne kawai. Doka ta ba ka dama ka amince. Dokin nan ko kilo biyu aka ƙara masa zai—"

"Kai ne mai dokin?" Ya dubi Auta sama da ƙasa. "Jiya a bargata ka hau sikeli, hamsin da huɗu cif. Ina rigar jiyan?"

Idonsa ya sauka kan teburina, ya ga gefenta ya leƙo daga ƙarƙashin takardu. Ashe ya sani. Wataƙila ma tun jiya ya sani. Ya yi wani murmushi da har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

"Malam Yatsa, ashe ƙaninka ne, ko? To ku ƙarasa a tsakaninku mana, 'yan gida ɗaya. Ni hamsin da huɗu na sani. Buga masa hatimi mu tafi, ana jiranmu."

Ka ji fa! Bayan wani ne zai karye, shi nasa yana jingine a kujerar 'yan kallo. Na kalli Auta, yana kallona. Na kalli wuyan nan nasa, da ƙasusuwan kafaɗa da suka turo rigar aro. Ƙararrawar farko ta buga.

Na ajiye hatimi. Na jawo rigar, na buɗe aljihun tebur na ɗauko reza, na bi ɗinkin Inna daga wuya har ƙugu. Zaren ya yi gardama, sai da na sa ƙarfi. Soson katifa ya zubo kan tebur, rawaya, guntu-guntu.

"Wannan ba ta wuce ba," na ce. "Da ta aro zai hau, yallaɓai, ko kuwa?"

Mai Akawal ko kallona bai ƙara yi ba. Ya juya wajen mai horo. "Kira mini Sauro."

Sauro wani mahayi ne da Allah ya yi shi ba nama, yana cin abin da ya ga dama kuma sai an sa masa dalma a sirdi kafin ya cika awo. Kafin minti biyu ya shigo yana ɗaura hula. Na danna rigarsa gida-gida, har ina neman laifi, babu. Na buga masa hatimi. Auta ya tuɓe rigar barga mai ratsin kore da ya riga ya sa, ya miƙa masa da hannunsa, har ya ce masa, "Kada ka sake shi kafin kwana ta ƙarshe, yana son a riƙe shi." Sannan ya ɗauki sirdinsa ya fita.

Ban saba kallon tsere ba tun da na faɗi, amma ranar na fita na kama ƙarfen shinge. Aka sake su, ƙasa ta ɗauki rugugi. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, Allah ya yafe mini. Da suka doso kwana ta ƙarshe, so na yi Akawal ya yi tuntuɓe. Ba so nake Sauro ya mutu ba, a'a, ya dai faɗi ya mirgina, rigar ta cece shi, ya tashi yana kakkaɓe jiki, don in samu abin da zan nuna wa ƙanina in ce ka gani? Har addu'a ta zo mini baki, na haɗiye ta.

Akawal ya sha kwanar nan sumul. Sauro ya riƙe shi yadda aka gaya masa, ya sake shi a miƙe, ya ci da tazarar doki uku. Ko gargada bai yi ba. Da Auta ne a kai, da rigar katifarsa, da ya sauko lafiya ƙalau ana ɗaga shi sama.

Na koma ɗaki na ƙarasa tsere biyu da suka rage, ban san me na taɓa ba. Na rubuta rahoton rigar kamar yadda doka ta ce, da sunan ƙanina a sama da nawa a ƙasa. Mai sikeli, wanda bai taɓa rufe rana ba tare da ya tsokane ni ba, ya kashe sikelinsa ya ce "Sai da safe" kawai.

Na nemi Auta a barga, babu. Ɗakin canza kaya, babu, ƙusar da yake rataye hularsa ba komai a kai. Na kira wayarsa sau huɗu tana ta ƙara. Na leƙa wajen famfo, na zagaya bayan rumfar 'yan kallo, hankalina ya fara kai ni wurare marasa kyau. Rana ta yi sanyi, mutane na ta fita, masu shara sun fara aiki.

A bakin babbar ƙofa na same shi, a kantin da direbobi ke cin abinci. Yana zaune a benci, sirdi a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. A gabansa akwai burodi babba, da ƙwai soyayye cike da faranti, da kwalbar lemo biyu, ɗaya ya riga ya shanye. Yana ci hannu baka hannu ƙwarya, mai na bin haɓarsa.

Na tsaya cak. Gobe Lahadi akwai ƙananan tsere, inda mahayin da ba shi da barga kan zo da sassafe ya tsaya ko wani zai neme shi. Wanda ke da niyyar zuwa ba ya cin abinci haka. Shekara ashirin da huɗu ban ga Auta ya cinye ƙwai biyu a zama ɗaya ba.

Na zauna a ƙarshen bencin, a karkace yadda na saba. Bai ɗago ba.

"Auta."

Ya ci gaba da tauna.

"Auta, gobe zan yi wa mai barga ta uku magana. Yana da wata godiya da aka yanka wa hamsin da bakwai, in ka—"

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya haɗiye lomar, idanunsa sun yi ja, ga alama kuka yake so amma jikin ba ruwan da zai bayar. Ya yago burodi ya dangwali mai, ya daɗe yana kallonsa.

"Yaya," ya ce, "ashe haka abinci yake da daɗi?"

Ya juya wajen mai kanti ya ce a ƙaro ƙwai huɗu.